Wa Zai Zana Wa Mai'adua Gidajenta?

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Daura ta nufi Kwangwalam, bakin iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Nijar, zai lura da yadda gine-gine ke tasowa dama da hagu. Ga shaguna, ga rumbunan ajiyar kaya, ga gidajen mai, ga sababbin unguwanni a wuraren da dā gonakin gero ne. Ƙaramar Hukumar Mai'adua, ɗaya daga cikin biyar ɗin da ke ƙasar Daura, watau ita da Daura da Baure da Sandamu da Zango, ta haura mutum 200,000 tun a ƙidayar 2006, kasuwarta ta ranar Lahadi kuwa tana tara fatake da dillalan dabbobi daga Damagaram har zuwa kudancin ƙasar nan. Inda kuɗi ke juyawa haka, tilas a yi gini.

To, amma da mutum zai tsaya ya tambayi masu waɗannan gine-gine wanda ya zana masu, amsar da zai fi samu ita ce birkila ne ya ja layi a ƙasa, ko kuma an kwafo fasalin gidan wani aboki na Kano. Ga shi kuwa kowace shekara akwai samari da 'yan mata na wannan jiha da ke zaune a jami'o'i suna koyon zayyanar gine-gine, suna kwana ido biyu a kan takarda da kwamfuta. Abin tambaya shi ne, me ya raba waɗannan ɗalibai da waɗancan gine-gine? Kafin a amsa, ya kamata mai karatu ya san irin hanyar da ɗalibin yake bi, da abin da yake gamuwa da shi a kanta.

HANYA MAI NISA

Koyar da wannan fanni a Nijeriya ya girmi 'yancin kai. An fara shi a 1952 a reshen Ibadan na Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya, sa'an nan aka komo da shi Zariya a 1955. Da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, sai ta gaji sashen, ya zama shi ne uba ga sauran makarantun zayyana na ƙasar nan. A can Alhaji Namadi Sambo, mataimakin shugaban ƙasa daga 2010 zuwa 2015, ya yi karatunsa. Haka nan Alhaji Ahmed Musa Dangiwa, ɗan Jihar Katsina, wanda aka naɗa ministan gidaje a 2023. Daga baya an sami irin wannan sashe a Jos, da Minna, da Bauci, da Yola, da Wudil, da Jami'ar Bayero ta Kano. Ɗan Mai'adua da ya sami gurbi a Zariya, hanyarsa ita ce Daura, Kazaure, Ɗambatta, Kano, kana ya sake mota. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin wannan tafiya kaɗai ya isa ya sa yaro ya haƙura da zuwa gida sai babban hutu.

Nisan hanyar mota ba kome ba ne in an gwada shi da nisan karatun. Digiri na farko shekara 4 ne, amma ba ya mai da mutum cikakken mai zayyana. Bayan shekara guda ta bautar ƙasa, sai ya koma ya yi digiri na biyu, shekara 2. Daga nan ya yi aƙalla shekara 2 yana aiki a ƙarƙashin wanda ya riga ya sami rajista, sa'an nan ya zauna jarrabawar ƙwarewa. In ya ci, sai hukumar ARCON, wadda doka mai lamba 10 ta 1969 ta kafa, ta rubuta sunansa, ta ba shi hatimi. Jimla shekara 9 ke nan, in ba a sami tangarɗa ba. Tangarɗa kuwa ba ta ƙarewa: yajin aikin malaman jami'a na 2020 ya ci wata 9, na 2022 ya ci wata 8. Yaron da ya shiga jami'a a 2018 ya ga sa'o'insa da suka tsaya kasuwa sun yi aure sun haihu, shi bai gama digiri na farko ba.

Iyaye da yawa ba a yi masu wannan bayani tun farko. Uba ya sayar da sa, ya biya kuɗin shekara huɗu, yana jiran ranar da za a ce ɗansa ya zama injiniya, sai a ce masa da saura. A nan ne ɗalibai da dama ke tsayawa. Wanda ya bi ta kwalejin kimiyya da fasaha ya sami babbar difloma, shi kuma tasa hanyar ta fi karkata, domin sai ya nemi hanyar komawa jami'a kafin ya kai ga cikakkiyar rajista.

ƊAKIN DA BA A KASHE FITILARSA

Abin da ya bambanta wannan karatu da sauran shi ne ɗakin zane, wanda ɗalibai ke kira situdiyo. A wasu fannoni malami ya yi lacca, ɗalibi ya rubuta, ranar jarrabawa ya mayar. A nan kuwa matsala ake ba ɗalibi: ga fili mai faɗi kaza, a zana makarantar firamare, ko ɗakin shan magani, ko tashar mota. Sai ya je ya duba filin, ya san inda rana ke fitowa da inda iska ke bugowa, ya ƙididdige mutanen da za su shiga, ya zana, malami ya soke, ya sake zanawa. Makonni ake yi ana haka. Makin situdiyo ya fi na kowane darasi nauyi, kuma na wannan shekara shi ne tsanin na shekara mai zuwa. Saboda haka wanda ya faɗi a cikinsa yakan yi asarar shekara sukutum, kome ƙoƙarinsa a sauran darussa.

A ƙarshen zango akwai abin da ake kira juri. Ɗalibi ya manna zanensa a bango, ya ajiye ɗan samfurin ginin da ya haɗa da kwali da gam, ya tsaya gaban malamai, wani lokaci har da baƙi masu sana'ar, ya kare aikinsa da baki cikin 'yan mintoci. Wannan al'ada daga makarantun Faransa da Ingila aka gado ta, kuma tana da amfani, domin gobe gaban kwamishina ko mai kuɗi zai tsaya. Amma a tuna da irin yaron da muke magana a kai. An rene shi a gidan da ba a haɗa ido da babba, ba a musa wa malami. Yanzu an ce ya yi jayayya da farfesa, da Turanci, a bainar jama'a, bayan ya yi kwana biyu bai runtsa ba. Sau da yawa zane mai kyau kan sami maki kaɗan don mai shi ya kasa buɗe baki, zane mai ƙyalli marar tushe ya haye don mai shi ya iya zance. Akwai kuma malaman da suka ɗauki juri wurin gwada iko, su yi wa yaro kaca-kaca don su ma haka aka yi masu. Ba duka ba ne, amma ɗalibai sun san su, kuma tsoronsu ya kori wasu zuwa fannonin da babu tsayuwa gaban kowa.

Tun kafin a kai ga juri ma an riga an fara tseren ba daga wuri ɗaya ba. Jarrabawar shiga jami'a ta JAMB tana neman Turanci da lissafi da fiziks da wani darasi guda, ba ta gwada hannu. Yaron da ya fito daga makarantar kuɗi ta Kaduna ko Abuja ya riga ya riƙe allon zane da ma'auninsa shekara uku. Na makarantar ƙauye, inda babu malamin zanen fasaha, ranar da ya shiga situdiyo ita ce ranar farko da ya ga waɗannan kaya. Yakan kamo, domin hannu da ido ba su san ɗan birni ba, amma shekarar farko takan zame masa shekarar jin kunya.

Sa'an nan ga kuɗi. Babu fannin da ke cin kuɗin ɗalibi kullum-kullum kamar wannan. A farko allo ne da alƙaluma da manyan takardu; kowane aiki kuma da kwalinsa da gam da reza. Da an yi nisa sai a koma kwamfuta, ba kuwa kowace iri ba, sai wadda za ta iya ɗaukar manhajoji irin su AutoCAD da Revit da SketchUp, kuma farashinta da dala yake tafiya. Ana gobe juri sai an buga zanen a manyan takardu masu launi, shafi goma ko fiye, in malami ya gyara abu guda a sake bugawa. Wuta in ta ɗauke da tsakar dare, kwamfuta ta mutu, aiki ya tsaya. A 2023 jami'o'in tarayya da dama suka ninka kuɗin rajista. Rancen karatu na gwamnatin tarayya da ya fara aiki a 2024 ya zo da biyan kuɗin makaranta da naira 20,000 a wata na abinci, abin a yaba ne, amma ba a tsara shi da sanin cewa akwai ɗalibin da kayan aikinsa suka fi kuɗin makarantarsa tsada ba. Abin da ke faruwa shi ne mutum uku su yi karo-karo a kan kwamfuta guda, mai ita ya yi aiki da rana, 'yan aro su yi da dare. Ya kamata hukumar ba da tallafin karatu ta jiha ta dubi wannan, ta ware wa irin waɗannan ɗalibai kuɗin kayan aiki dabam, ko da kuwa sau ɗaya ne a shekara ta biyu.

'Yan mata suna da tasu damuwar ta musamman. Aikin situdiyo da dare ake yinsa, iyaye kuwa ba su son jin 'yarsu tana waje ƙarfe biyun dare, ko da a cikin makaranta ne. Ga shekarun karatun sun faɗo daidai lokacin aure. Abin takaici ne, domin babu wanda ƙasar Hausa ke bukata a wannan sana'a kamar mace. Namiji baƙo a zaure yake tsayawa, ya ji abin da maigida ke so. Mace ce za ta ratsa shigifa ta shiga cikin gida, ta ga inda hayaƙin murhu ke taruwa, da inda ruwan wanke-wanke ke kwanciya, ta ji daga bakin waɗanda ke wuni a gidan.

ILMIN DA AKA BARO A GIDA

Duk waɗannan wahalhalu ne da kuɗi da haƙuri ke magancewa. Akwai wata wadda ta fi su zurfi, kuma ita ce ta fi shafar Mai'adua. Ɗalibin ya fito daga ƙasar da ke da tsohon ilmin gini, amma karatun yakan sa ya ɗauki wannan ilmi a matsayin tarihi, abin da ake yi wa jarrabawar zango guda a wuce.

Bari mu tuna wa kanmu abin da maginan Hausa suka sani. Sun san ƙasar da ta dace, su haƙo ta daga kududdufi, su cuɗa ta da ciyawa, su bar ta ta ruɓa, su mulmula tubali mai faɗin gindi da tsinin kai. Bango sukan fara shi da kauri, yana tashi yana sirancewa. Azara daga giginya ake tsaga ta, kuma gara ba ta cinta da sauƙi. Amma ba ta iya ɗaukar nauyin rufin ƙasa in tazarar ta wuce kimanin mita 2. Don su wuce wannan iyaka sai suka ƙirƙiro bakan gizo: a jera azara hawa-hawa daga bangon nan da na can, kowace ta ɗan zarce ta ƙasanta, a ɗaure, a lulluɓe da ƙasa, har su haɗu a sama. In bakuna suka gitta juna a tsakiyar ɗaki, shi ne ɗaurin guga, a kansa ake ɗora tulluwa. Da wannan dabara aka rufe manyan zauruka irin na fadar Sarkin Daura da Gidan Makama na Kano, ba rodi ba kankare. Don kare gini daga ruwa akwai makuba, daga kwasfar ɗorawa, da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin majema da dafara. Indararo ya jefa ruwa nesa da bango. Wannan duka lissafi ne na nauyi da tazara da laima, ko da ba a rubuta shi a takarda ba.

Ƙololuwar wannan fasaha ita ce masallacin Juma'a na Zariya, wanda Muhammadu Durugu, da aka fi sani da Babban Gwani, ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wajen shekarun 1830. Masana sun yi rubutu a kanta. Wani Bature ɗan ƙasar Folan, Zbigniew Dmochowski, ya yi shekaru yana auna gine-ginen gargajiya na Nijeriya, aikinsa ya fito cikin littafi uku a 1990, shi ne kuma ya assasa gidan tarihin gine-ginen gargajiya na Jos, inda aka gina kwatankwacin masallacin na Zariya. J. C. Moughtin ya fitar da littafi a kan ginin Hausa a 1985. Daga cikinmu kuma Hamman Tukur Sa'ad, malami a sashen na Zariya, ya rubuta kundin digirinsa na uku a Jami'ar Mishigan ta Amurka a 1981 a kan maginan Hausa da yadda suke auna kyawun gini. Watau ba rashin littafi ne ya kawo matsalar ba.

Matsalar ita ce ɗalibi ya san abin da ke kawo maki da abin da ke kawo aiki. Ya ga manyan ofisoshin zayyana suna Abuja da Ikko da Kaduna da Kano, ya ga abin da suke ginawa gilashi ne da kankare, ya ga hotunan Dubai a waya. Idan lokacin aikin ƙarshe ya zo, sai ya zaɓi otal mai hawa 15 ko katafaren kanti, domin su ne ke cika bango ranar juri. Wanda ya ce zai zana rumfunan kasuwar dabbobi, ko aji huɗu na makarantar ƙauye, abokansa ma dariya za su yi masa. Alhali kuwa tsara kara irin ta Mai'adua, inda za a san ta ina shanu da raƙuma za su shiga, ina manyan motoci za su yi lodi, ina mashaya, ina inuwa, ina makewayi ga dubban mutane a yini guda, ya fi zana otal wuya, kuma ya fi shi amfani ga wanda ya biya kuɗin karatun.

Ga sakamakon nan muna gani. Bangon bulo mai inci 6 ko 9, rami ne a cikinsa, zafin rana na ratsa shi cikin 'yan sa'o'i. A ɗora masa kwano ba sili, a watan Afrilu da ma'aunin zafi ke haura 40, ɗakin ya zama tanda. Bangon ƙasa mai kauri kuwa yakan sha zafin rana a hankali, bai sake shi ba sai dare ya yi, shi ya sa soro ke da sanyi da azahar, da ɗumi a lokacin hunturu. Wannan bayani yana cikin darasin kimiyyar gini da ɗalibin ya ci jarrabawarsa. Amma ajin firamaren garinsu, inda ƙannensa sittin ko fiye ke zaune, da bulo da kwano aka yi shi, bisa zane guda da ake aikawa kowace ƙaramar hukuma ba tare da duba inda rana ke faɗuwa ba.

Kada a ɗauka ana cewa ginin ƙasa ba shi da aibi. Yana da shi, kuma mutanen da suka guje shi ba wawaye ba ne. Yana son yaɓe a kai a kai, kuɗin lebura kuwa ya tashi. Giginya ta yi ƙaranci, marina sun mutu, laso ya zama labari. Kowace damina gidajen ƙasa na faɗuwa a kan mutane, galibi don babu harsashi mai hana laima hawa, ko an toshe magudanar ruwa, ko kuma an shafe bangon da siminti, ruwa ya shiga ta tsaga ya rasa mafita. Ranar 11 ga Agusta, 2023, wani sashe na masallacin Babban Gwani ya rufto ana sallar la'asar, masallata da dama suka rasu, Allah ya jiƙansu. Wannan masallaci yana gari guda da makarantar zayyana mafi tsufa a ƙasar nan. Abin da ya nuna shi ne ginin ƙasa yana bukatar masu ilmin zamani da za su riƙa dubansa, su auna tsaga, su san lokacin da azara ta gaji, kamar yadda ake yi wa gada. Kankare ma in babu ilmi da amana faɗuwa yake yi: bene mai hawa 21 na Ikoyi da ya rushe a watan Nuwamba 2021 ya ci rai fiye da 40, ginin makaranta da ya rufta a Jos a watan Yuli 2024 ya ci fiye da 20, yawancinsu yara.

ABIN DA MAƘWABTA SUKA YI

Ba sai an je nesa neman misali ba, a tsallaka iyaka kawai. A ƙauyen Yama, cikin jihar Tawa ta Nijar, wani magini manomi, Alhaji Falke Barmu, ya fara gina masallacin Juma'a da ƙasa a 1962, ya yi ta faɗaɗa shi har zuwa 1982. A 1986 aka ba wannan masallaci lambar yabo ta Aga Khan, ɗaya daga cikin manyan lambobin duniya a wannan fanni. Bai taɓa shiga jami'a ba. Tun farkon shekarun 1980 kuma ake koya wa magina a Nijar yin rufin tulluwa da tubali zalla, ba azara ko guda, don a huta da saran itace.

Wadda ta haɗa ilmin nan biyu ita ce Mariam Issoufou, wadda aka sani dā da Mariam Kamara. Ta fara da ilmin kwamfuta, daga baya ta koma ta karanta zayyana a Amurka, ta buɗe ofis a Yamai a 2014. A garin Dandaji, ita da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili suka tarar jama'a na shirin rushe tsohon masallacin ƙasa. Sai suka mai da shi ɗakin karatu, suka gina sabo a gefensa da tubalin jar ƙasa da aka matse da inji, suka kuma sa maginan gargajiya cikin aikin. An gama a 2018. Irin wannan tubali ba sihiri ba ne: jar ƙasa ce da ɗan siminti, kamar kashi 5 zuwa 8 cikin 100, a danne ta da ƙarfi, a bar ta ta bushe a inuwa. Cibiyar binciken gine-gine da hanyoyi ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1978, ta daɗe da ƙera injinsa. A watan Fabrairu 2024, lokacin da buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da yawa, an yi ta maganarsa, da farashi ya ɗan lafa aka manta.

Misalin da ya fi dacewa da ɗalibai shi ne na Francis Kéré na Burkina Faso. Yana ɗalibi a Balin ta Jamus ya tara gudummawa, ya koma ƙauyensu Gando ya gina makarantar firamare da tubalin ƙasa, aka gama a 2001. Kwano ya yi amfani da shi, amma ya ɗaga shi sama da silin tubali, ya bar tazara iska na wucewa, zafin kwanon bai sauko kan yara ba. A 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi lambar Pritzker, wadda babu ta sama da ita a sana'ar. Aji uku ne kawai makarantar da ta fara fito da sunansa.

Ƙasar Mai'adua rairayi ya yi mata yawa, saboda haka ba kowane rami ne zai ba da ƙasar tubali ba, sai an gwada an san inda mai danƙo take da yadda za a gauraya. Wannan kansa aikin bincike ne da ya isa kundin digiri na biyu, kuma babu wanda zai zo daga Ikko ya yi shi.

A ƙarshen 2022 hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta fitar da sabon tsarin manhaja, inda ta ware zayyanar gine-gine a matsayin fanni mai zaman kansa, ta kuma bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta cika da abin da ya dace da yankinta. Ƙofa ke nan a buɗe ga jami'o'in Arewa. Da wannan kaso ana iya sa kowane ɗalibi ya yi zango guda hannunsa cikin laka tare da Sarkin Magina da yaransa, a kuma ba wannan aiki maki mai nauyi irin na situdiyo, domin ɗalibi ba ya girmama abin da ba shi da maki.

Sauran aikin yana hannun ma'aikatan gwamnati. Akwai watannin koyon aiki da ake tura ɗalibai, ƙarƙashin shirin da asusun ITF ya fara a 1973. Ɗan Mai'adua yakan tafi Kano ko Abuja neman ofishin da zai karɓe shi, ya raɓa a ɗakin wani ɗan'uwa, ya ƙare da kai takardu wurin bugawa. Ga shi a ƙasar Daura an yi manyan ayyuka cikin 'yan shekarun nan: a 2019 aka kafa kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya, aka kuma aza harsashin Jami'ar Sufuri, a 2021 aka ƙaddamar da aikin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi wanda ya ratsa ta Daura. Sharaɗi ɗaya a cikin takardar kwangila, cewa ɗan kwangila zai ɗauki ɗalibai kaza 'yan yankin su koyi aiki, ba zai ƙara wa gwamnati ko kwabo ba. Sashen ayyuka na ƙaramar hukuma shi ma yana iya karɓar biyu ko uku kowace shekara, ƙarƙashin kulawar mai rajista daga ma'aikatar ayyuka ta jiha, a sa su auna kasuwa, su zana taswirar magudanun ruwa, su rubuta halin da kowane aji da kowane ɗakin shan magani ke ciki. In za a gina sabon aji guda a bana, a gwada yinsa da matsattsen tubali da rufi mai tazara, a rataya ma'aunin zafi a cikinsa da cikin na bulon da ke kusa, a rubuta abin da aka gani daga Maris zuwa Mayu, a kai wa majalisar ƙaramar hukuma kafin ta zauna kasafin kuɗin baɗi.